Azumin da Hikima Ba Ta Sha Ba

Saura ƙiris a sa ranar auren Hikima da Fadil sai aka aiko daga gidan su Fadil cewa a dakata tukuna. Ba a kama ta da wani a lungu ba, ba a ji ta zagi kowa ba. Laifinta ɗaya ne, ta azumci Ramadan daga ganin wata har ganin wata, ba ta sha ko ɗaya ba.

Wanda bai taɓa zaman gidan haya a unguwar Akwatialine ta Zongo ba zai ce ina abin laifi a nan. To, gidansu Hikima ɗakuna ne a jere sun kewaye tsakar gida, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, bakuna kuwa ba adadi. Da an kira salla mata za su yi layi a bakin famfo da butocinsu, wadda ba ta fito ba an san tana fashi, ba sai ta faɗa ba. In azumi ya zo abin ya fi fitowa fili, domin 'yan matan da ke fashin salla sukan laɓe a bayan ɗakin girki da rana tsaka suna cin ragowar abincin sahur, suna dariya ƙasa-ƙasa kada maza su ji. Kowace budurwa a gidan ta yi zamanta a wannan lungu bana, ban da Hikima.

Ita kam ta san abin ba yau ya fara ba. Tun tana sakandare al'adarta ke mata wasan ɓuya, ta leƙo a wannan wata, ta ɓace sai bayan watanni. Mahaifiyarta Mma Awa, mai sayar da koko da ƙosai a bakin titi, ta ce mata kada ta damu, in ta yi aure jikin zai daidaita, haka aka saba gani. Daga baya gashi ya fara tsiro mata a haɓa, baƙi mai kauri, tana cire shi a ɓoye da ɗan hantsaki. Ƙuraje suka ƙi barin fuskarta, bayan wuyanta ya yi duhu har Mma Awa ta sha dirje mata shi da soso tana faɗan ƙazanta. Ga ƙiba da ke hawanta alhali ba wani cin kirki take ba. Duk wannan ta ɗauke su abubuwa daban-daban, kowanne da nasa baƙin cikin, ba ta taɓa zaton uwarsu ɗaya ba.

Fadil bai ga ko ɗaya daga ciki ba, ko kuma ya gani bai dame shi ba. Shi kaɗai ne ɗan Hajiya Ummul-Khair, shi ya gaji makarantar Alƙur'ani da Larabci da marigayi mahaifinsa ya bari a Tafo, makarantar da ta fito daga hannun kaka zuwa uba zuwa ɗa. A shagon da Hikima ke jera duwatsu a bakin mayafai ya fara ganin ta, ranar da ya kawo na mahaifiyarsa gyara, tun daga nan kuwa mayafan Hajiya suka shiga lalacewa ba dalili. Kafin azumi manya suka kawo goro, aka karɓa, aka ce bayan Salla za a sa rana.

Akwai wata a gidansu Hikima da ake kira Anti Barkisu, ƙanwar Hajiya Ummul-Khair ce uwa ɗaya uba ɗaya, ƙofar ɗakinta tana kallon famfo. Allah ya ba matar nan ido da riƙon lissafi, da a kasuwa ta zuba su da tuni ta gina bene. Tun da aka kawo goro ta sa wa Hikima ido, wai tana duba wa ɗanta tarbiyyar amarya. Da farko yabo take, yarinya ba ta wasa da salla. Da azumi ya raba tsakiya yabon ya fara raguwa. Ranar Salla ta ga rigar Hikima ta matse ta a ciki har tana jan numfashi, sai ta haɗa wannan da wancan, ta ce ruwa ba ya tsami banza. Washegari ta yafa mayafi ta hau tirotiro, ƙaramar motar haya, sai Tafo wajen yayarta.

Kafin mako ya zagayo maganar ta gama unguwa. Masu sayen koko suka rinƙa yi wa Mma Awa wata irin gaisuwa mai tsawo, suna tambayar jikin Hikima da murya mai taushi. A shago kuwa in ta shigo sai hira ta mutu.

Rannan da hantsi Mma Awa ta dawo da rabin kokonta bai ƙare ba. Ta ajiye tukunya, ta turo ƙofa, ta zauna a bakin gado ba ta ko kwance ɗankwalin da ta yi gammo da shi ba.

"Hikima, ni na haife ki. In akwai abin da ya faru, gara in ji daga bakinki da in ji a bakin titi."

Hikima ta dube ta, ta kasa gane fuskar. Duk zagin da aka yi mata a waje bai taɓa ta kamar wannan tambaya ba, domin ta ɗauka ko duniya za ta taru a kanta, wannan ɗakin nata ne.

"Mma, har da ke? Ba ke kika ce in na yi aure zai daidaita ba?"

Mma Awa ta fashe da kuka. Ta ce ba zarginta take ba, tsoro ne ya ci ƙarfinta, ita marainiya ta rena a gidan haya, ba ta da abin da za ta bar mata sai suna mai kyau. Suka yi ta kuka su biyu har ƙosan da ya rage ya huce a cikin kwando.

Fadil dai a wannan gaɓar ya yi abin a yaba. Ya ce wa mahaifiyarsa shi bai taɓa ko riƙe hannun yarinyar ba, kuma a shirye yake ya dafa Alƙur'ani a kanta ba a kansa kaɗai ba. Hajiya ta ce ba ta son rantsuwa, asibiti take so, kuma Barkisu ta bi su ta ji da kunnenta. Da saƙon ya iso Hikima ba ta yi gardama ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ita ma ta gaji da sunkuyar da kai a kan abin da ba ta aikata ba.

Can Atonsu suka tafi, wani asibiti da suke ganin ba za su haɗu da ɗan Zongo ba. Suka hau mota. Mma Awa na jan carbi, Anti Barkisu na kallon taga kamar an tilasta mata zuwa.

Likitar mace ce 'yar Asante wadda ta tashi a maƙwabtaka da Hausawa, tana jin Hausa irin ta kasuwa, kowa "ka" take ce masa. Aka auna fitsari, aka shafa wa Hikima wani abu mai sanyi a mara aka duba cikinta da na'ura, sannan likita ta yi ta mata tambayoyi, tun yaushe, sau nawa a shekara, gashin fa, ƙibar fa. Har bayan wuyanta sai da ta ɗaga mayafi ta duba. Da za ta faɗi sakamako sai ta dubi manyan matan biyu, ta tambayi Hikima ko tana so su fita, domin maganar jikinta tata ce ita kaɗai.

Nan ne Hikima ta yi abin da ta daɗe tana juyawa a ranta daga baya. Ba ta tunanin komai a lokacin sai wanke sunanta, don haka ta ce su zauna, ai saboda su aka zo.

"Ba ka da ciki kraa, ko alama," in ji likita. "Amma akwai magana."

Mma Awa ta ɗaga hannu sama tana hamdala, hawaye na zuba. Anti Barkisu ta gyara zama.

Likita ta juyo musu da allon na'urar, ta yi bayani a hankali. Ta ce a jikin kowace mace akwai sinadarai da ake kira homon, su ke ba da umarni ƙwai ya nuna ya fito a kowane wata, in bai haɗu da rabo ba jini ya biyo baya. A jikin Hikima ma'aunin ne ya karkace. Akwai wani sinadari da ya fi yawa a jikin maza, kowace mace tana da kaɗan nasa, to nata ya ɗan haura. Shi ya sa ƙwayayen ke fara girma sai su tsaya a hanya, su taru a ma'ajiyarsu ƙanana-ƙanana. Hikima ta dubi allon ta gan su a jere a gefe, kamar duwatsun da take jerawa a bakin mayafi. Likita ta ce sunan abin PCOS, kuma shi ne uwar duk abin da ke damun ta, ɗaukewar al'ada da gashin haɓa da ƙuraje, har duhun wuyan nan, wanda ba dauɗa ba ne, alama ce ta yadda jiki ke wahala wajen sarrafa sukari.

Da aka zo nan Mma Awa ta sunkuyar da kai, ta tuna soson da ta ƙarar a wuyan 'yarta.

Likita ta ƙara da cewa ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma wani abu da yarinyar ta yi ko ta sha ba. Mata da yawa suna da shi ba su sani ba, yakan bi dangi. Ba a cire shi gaba ɗaya, amma ana zama da shi lafiya in an kula da abinci, ana motsa jiki, ana shan magani, ana kuma duba sukari lokaci-lokaci. Abin da ba ta so shi ne a bar mahaifa watanni da yawa ba ta zubar ba, don haka za ta rubuta mata ƙwayoyi na 'yan kwanaki, in ta gama sha jinin zai zo, sannan su dawo a ƙarasa gwajin jini.

Hikima ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta. Ashe ba ita ce ta fita daban a cikin halitta ba, ashe abin yana da suna, har yana da magani. Tana cikin wannan sanyin ne Anti Barkisu ta yi gyaran murya.

"Likita, to haihuwa fa?"

Likita ta dubi Hikima, Hikima ta gyaɗa kai. Sai ta ce da yawan masu wannan lalura suna ɗaukar ciki da kansu, wasu yakan yi musu jinkiri, in ya yi jinkiri kuma akwai maganin da ke taimaka wa ƙwai ya fito, kuma yana aiki ga mafi yawa. Ta nanata, har sau biyu, cewa wannan ba rashin haihuwa ba ne.

Anti Barkisu ta ce yoo, ta gode. Amma duk wannan dogon bayani da ta zauna ta saurara, kalma ɗaya ta ƙulle a bakin zaninta ta kai Tafo, ita ce jinkiri. Kafin ta sauka daga tirotiro kalmar ta yi ƙiba ta koma juya.

Haka aka gudu ba a tsira ba. Waɗanda jiya ke cewa ciki ne, yau suka koma cewa ai da ma sun faɗa, mace mai gemu ba ta rasa wani abu. Ba wanda ya zo ya ce wa Mma Awa ki yafe mana. Daga Tafo kuma shiru, ba a ce a sa rana ba, ba a ce an fasa ba.

Da shirun ya ishi Hikima sai ta yi abin da budurwa ba ta yi. Ta shirya bayan la'asar ta tafi gidan surukarta da ƙafarta, ba tare da an kira ta ba.

Ta sami Hajiya Ummul-Khair a baranda, karatun yara na tashi daga makarantar da ke jikin gidan. Hikima ta durƙusa ta gaishe ta, ta ƙi hawa kujerar da aka nuna mata. Ta maimaita duk abin da likita ta ce, ba ta rage ba ba ta ƙara ba. Hajiya ta saurare ta har ƙarshe ba ta katse ta ba.

Sannan ta yi wani abu da Hikima ba ta zata ba. Ta sa hannu ta sassauta mayafin da kullum ke naɗe da haɓarta, ta ɗaga kai. Ga su nan, gajerun gashi farare da baƙaƙe da suka fara tsirowa bayan cira, ga kuma duhu kwance a wuyanta.

"Ni ba a gaya mini sunansa ba," in ji Hajiya. "Amma duk abin da kika lissafa, na san shi tun kafin uwarki ta yi wayo."

Hikima ta ɗago ta dube ta. Ta ce a ranta shi ke nan, Allah ya kawo ta gidan da za a fahimce ta, ai ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Hajiya ta mayar da mayafinta, ta shiga ba ta labari da murya ƙasa-ƙasa. Ta ce ta fi shekara goma a gidan nan ba ta ko yi ɓari ba. Rubutu ta sha shi har ta daina jin ɗacinsa, saiwa babu irin wadda ba a jiƙa mata ba. In an je suna sai a tsallake ta a miƙa jariri ga ta kusa da ita. Uwar mijinta kan zauna a daidai wannan barandar ta ce makarantar Malam za ta mutu a hannun baƙo tunda an kawo musu busasshen itace. Malam mutumin kirki ne, bai taɓa ce mata komai ba, amma ta sha ganin yadda yake bin 'ya'yan mutane da kallo in an tashi karatu, wannan kallon ya fi mata zagi ciwo.

"Amma Hajiya, ai kin haifi Fadil," Hikima ta faɗa tana kuka. "Kuma a zamaninku babu magani. Yanzu akwai."

"Na haifi ɗaya. Kin san yadda uwar ɗa ɗaya take kwana? In ya yi tari sai in ji kamar an fara haƙa kabarina." Ta share ido da gefen mayafi. "Ba ƙin ki nake ba, 'yata. Da ƙin ki nake da ban nuna miki haɓata ba, Barkisu ma ba ta taɓa gani ba. Na bi hanyar nan da ƙafata, na san tsawonta. Ba zan zauna ina kallo ɗana ya bi ta ba, ke ma ba zan so in zama ni ce mai zama a barandar nan ina ƙirga miki watanni ba. Kuma na san kaina, zan ƙirga."

Hikima ta share hawayenta. Da zagin ta aka yi da ta sami abin riƙewa, amma me za ka ce wa wanda maciji ya sara in ka ga yana gudun tsumma? Ta yi sallama ta tashi.

A bakin ƙofar makaranta Fadil ya tare ta. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Suka tsaya a gindin bishiyar mangwaro inda kowa ke iya ganin su, kamar yadda suka saba. Ya ce mata ya karanta komai a kan ciwon a wayarsa, ya je har wurin wani abokinsa ma'aikacin asibiti, duk bakinsu ɗaya da likitarta. Ya faɗa wa Hajiya, ya kawo mata ayoyi cewa Allah ke ba wanda ya so 'ya'ya, ya tuna mata Annabi Zakariyya. Ta ce ta riga shi sanin ayoyin, da su ta rayu. Daga ƙarshe ta ce masa in ya ɗaura auren nan ba da yawunta ba, kuma ba ta yafe masa nonon da ya sha ba.

Ya cire hularsa yana murza ta a hannu. Sannan ya tambaye ta, cikin jin kunya, ko likitar za ta iya ba da tabbaci, ko da na baki ne, cewa za ta haihu, wataƙila Hajiya ta sauko.

Hikima ta dube shi. Wannan ne mutumin da ya ce zai dafa Alƙur'ani a kanta.

"Malam, wace mace aka taɓa aura da tabbaci? Na ji an ce Tayyiba 'yar kawunka ake maka magana. Ita an kai ta Atonsu an duba?"

Ya kau da kai, ita kuwa ta ci gaba.

"Da na yi shiru na bar su da zancen ciki, da kai kaɗai ka san ƙarya ne, da har yanzu kana tsaye a bayana. Na buɗe cikina don in wanke kaina da kai, sai ga shi gaskiyar ce ta kore ni. Ni ban ce ka saɓa wa Hajiya ba, wallahi ban ce ba. So nake kawai ka ce mini za ka jira, ko shekara ce, mu ga ko zuciyarta za ta yi sanyi."

Hawaye ya gangaro masa har gemu. Ya buɗe baki, sai ga muryar Hajiya daga baranda tana kiran sunansa, ba da ƙarfi ba, sau ɗaya tak. Ya waiga wajen gidan, ya waigo wajen Hikima.

"Ki yafe mini," ya ce.

Ta tsaya tana kallon bayansa har ya shige. Ta so ta ji haushinsa ko zai rage mata zafi, haushin ya ƙi zuwa, sai son da ke nan daram kamar ba abin da ya faru. A tirotiro ta ja mayafi ta rufe fuska ta yi kukanta, wata tsohuwa 'yar Asante da ke gefenta ta rinƙa bubbuga mata cinya ba ta tambaye ta komai ba.

Duk da haka ba ta fasa shan maganinta ba. Mma Awa ta daina zuba mata sukari a koko, ta koma dafa mata ganye, da safe kuma Hikima ta daina hawa mota zuwa shago, da ƙafa take tafiya. Ta ce wa mahaifiyarta jikin nata ne ko da Fadil ko babu shi. Faɗa ce mai sauƙi da rana a gaban mutane, amma Mma Awa ta sha ganin ta riƙe da mayafi a cinya, dutse ɗaya a hannu, ta manta inda za ta manna shi.

Ba a daɗe da ƙarewar ƙwayoyin ba, wata Asabar, Anti Barkisu ta dawo daga Tafo da ƙunshin goro da alewa a cikin faranti. An kai gaisuwar Fadil gidan su Tayyiba, an karɓa. Ta bi ɗaki-ɗaki tana rabawa kamar yadda aka saba, ana ta Allah ya sanya alheri da murya ƙasa-ƙasa, kowa na satar kallon ƙofar Mma Awa. Hikima na zaune a kan 'yar kujera a bakin ƙofar, da mayafin wata amarya a cinyarta tana aiki.

Ana cikin haka aka kira azahar. Mata suka ɗauko butoci suka yi layi a bakin famfo. Mma Awa ta fito da buta biyu kamar kullum, ta miƙa wa 'yarta ɗaya. Hikima ba ta karɓa ba.

Anti Barkisu, wadda ta iso ƙofar da farantinta tana neman yadda za ta wuce, ta ga haka. Hali zanen dutse, bakinta ya riga ta.

"Hikima, ba ki ji kira ba ne?"

"Na ji, Anti. Ina fashi."

Matan da ke layi suka juyo gaba ɗaya. Butar da ke ƙarƙashin famfo ta cika ta rinƙa zuba, mai ita ba ta lura ba. Abin da aka yi watanni ana leƙe ana jira, abin da rashinsa ya jawo mata sunan da ba nata ba ya kuma raba ta da Fadil, ga shi ya zo ranar da ba wanda yake bukatarsa. Anti Barkisu ta tsaya da goro a hannu, ta rasa ko ta miƙa ko ta mayar.

Hikima ta ajiye mayafin, ta miƙa hannu biyu ta karɓa.

"Ki ce masa na ce Allah ya sanya alheri. Ki kuma gaya wa Hajiya abin da kika gani yau, tunda ke ce mai kai labari. Wannan karon ki kai shi yadda yake, kin ji."

Ta tashi ta shige ɗaki da goron a tafin hannunta, ta zauna a ƙasa ta jingina da gado. Sai a nan kukan ya ƙwace mata, marar sauti, irin wanda ke girgiza kafaɗu.

Mma Awa ta shigo da ruwan alwala a fuskarta, ta ɗauko dardumai biyu daga kan akwati kamar yadda hannunta ya saba. Ta tsaya ta dubi 'yarta, sannan ta mayar da ɗaya.